Ruwan da Bai Kwana Ba

Maigidana sunansa Inuwa, amma ban taɓa kiransa da sunan ba, Malam nake ce masa. Yanzu ma na iya faɗa ne don ba ya raye. Masunci ne, ɗan masunta. Daga gadar Haɗeja har fadamun Baturiya ba lungun ruwan da bai jefa taru a ciki ba. In ya tsoma hannu a kogi ya kai baki, yakan gaya maka ko sabon ruwa ya iso daga yamma ko bai iso ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa rabin jikinsa a cikin ruwa, shi ne Allah ya jarraba a ƙarshe da kasa zuba wa kansa moɗa guda.

Hawan jini ne ya buge shi a ƙarshen damina, yana zaune a zaure yana ɗinkin taru. Ɓarin dama ya shanye. Muka yi zaman asibiti muka dawo. Maƙwabciyarmu Ladi, nas ce, mutuniyar Filato, takan shigo da yamma ta riƙa motsa masa hannu da ƙafa tana tsokanarsa har ya yi tsaki. A hankali baki ya dawo, ƙafa ta dawo har yana takawa da sanda. Hannun dama ne ya ƙi, yana rataye a jikinsa kamar na aro.

Ni nake yi masa wanka. Kullum da hantsi in hura wuta, in ɗora tukunya, in sirka, in kai banɗaki, in zaunar da shi a kan benci. Ruwan sanyi ba ya taɓa shi, don da ya taɓa sai ƙafar ta ƙage. Ya taɓa gwada yi da kansa, to hannu ɗaya ba ya ɗiban ruwa kuma ya cuɗa jiki. Ya sunkuya zai ɗauki moɗa ya kife, goshinsa ya fashe a bakin bokiti. Bai sake gwadawa ba.

In ina yi masa wanka ba ya magana. Yakan juya fuska bango ya rufe ido. Na haifa masa 'ya'ya, mun tsufa tare, amma kunyar da nake gani a ƙeyarsa ta sa ni ma nake sauri kamar mai sata.

Da ya fara takawa sosai, wata Juma'a na ɗauko masa farar riga da hula na ajiye a bakin gado. Ya dube su ya ce, “Mayar, Bara'atu.”

Na ce, “Malam, ai ƙafar ta yi ƙwari. Sai a kira adaidaita.”

“Ba ƙafa ba ce. Ba zan shiga sahu da wankan da mace ta yi mini ba.”

“Liman da ya zo dubiya ai ya ce ya halatta.”

“Na san ya halatta. Ni ne ba zan iya ba.”

Ya zauna a tsakar gida yana jin huɗuba daga lasifika, kansa a sunkuye. Haka Juma'a ta riƙa bin Juma'a. Ya daina zama a zaure, ya rage cin abinci. Ina kallonsa yana ƙanƙancewa, kuma na san ba ciwon ne ke cinsa ba.

Ɗanmu Tasi'u yana aikin malamin gona a Jahun, yakan zo ƙarshen mako. Shi ne tun kafin ciwon ya sa mana tankin ruwa a bayan ɗaki, ya ja famfo zuwa banɗaki. Ban iya gaya masa maganar kai tsaye ba, na dai ce babansa ba ya son zuwa masallaci, kuma ba ƙafa ce ta hana shi ba. Ya kalli tukunyar da ke kan murhu, ya gane.

Ya ce, “Inna, in ruwan ɗumi na sauko masa daga sama da kansa, ai hannu ɗaya ya ishe shi. Akwai hitar da ake kafawa a bango, a haɗa ta da shawa.”

Ni hitar da na sani ita ce mai kamar ludayi da ake tsomawa a bokiti, wadda ake hana kowa zuwa kusa in tana ciki. Na ce ba zan sa mijina a ƙarƙashin ruwan da lantarki ke ciki ba. Ya ce in shirya mu je in gani da idona.

Shagon yana bayan kasuwa, a layin masu kayan famfo. Mai shagon wani Bakatsine ne mai yawan dariya, Zaharaddeen. Ya kai mu bayan shago inda ya kafa ɗaya don gwaji. Wani ɗan farin akwati ne a manne da bango, bai fi faifai girma ba. Bututu ɗaya ya shiga, ɗaya ya fita. Ya murɗa famfo, wata 'yar jar fitila ta kama a jikin akwatin.

Ya ce, “Inna, sa hannu.”

Na ja da baya. Ya sa nasa hannun, ya wanke fuska. Tasi'u ma ya sa. Sannan na miƙa yatsa ɗaya ina bismillah. Na ji sanyi, irin sanyin ruwan randa. Ban rufe baki ba na ji ruwan ya sauya a kan yatsana, ya yi ɗumi, ya ƙara, har ya zama daidai ruwan da nake sirkawa. Na sa hannun duka. Na leƙa ƙarƙashin akwatin, na leƙa samansa, na zagaya bayan katangar in ga ko akwai murhun da aka ɓoye. Ba komai sai wata akuya a ɗaure.

Tunda na yi wayo, ruwan zafi a wurina yana nufin itace da hayaƙi da jira. Na yi wankan jego, na yi wa wasu, na san yawan icen da tukunya ɗaya ke ci kafin ta tafasa, na san yadda ido ke ja in icen ɗanye ne. Ga shi yau ruwa ya shiga ta nan da sanyinsa, ya fito ta can da zafinsa, ba toka, ba ƙauri, bai ko tsaya an gaisa ba. Na tsaya hannuna a ciki ina ta salati har rigata ta jiƙe. Zaharaddeen ya ce, “Inna, in kika ƙarar mini da ruwan tanki ke za ki ɗebo wani.”

Muka dawo cikin shago ya nuna mana wata, ƙatuwa mai kamar ganga. Ya ce iri biyu ne. Wannan babbar tana tara ruwa a cikinta, ta dafa shi a hankali, ta riƙe zafin ko an ɗauke wuta, har ya kwana ya wayi gari da ɗumi. Ƙaramar kuwa ba ta tara komai, ruwan da ke wucewa kawai take dafawa, nan take, don haka tana son wuta mai ƙarfi sosai. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukarta, ƙaramar sola ma haka.

Ya ce, “In gidana ne, da irin wutar unguwarku, babbar zan sa. Amma mai wankan shi ya kamata ya zaɓa.”

Washegari ya ɗoro su duka biyu a adaidaita ya kawo gida. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka ajiye su a gaban Malam kamar kayan lefe. Da jin bakin mai shago Malam ya gane mutumin ina ne, ga shi tsakanin Katsinawa da Haɗejawa akwai wasa.

Ya ce, “Tasi'u, duk garin nan ka rasa wanda zai koya mini ruwa sai Bakatsine? Mutanen da ke wanka da kofi ɗaya su rage na shayi?”

Zaharaddeen ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, “Baba, mu dai da ƙasa muka saba. Ku kuwa in aka matse Bahaɗeje tarwaɗa ce za ta faɗo.”

Malam ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ciwon.

Zaharaddeen ya sake bayanin da ya yi mana. Malam yana saurare, yana shafa babbar da hannun hagu, ya ƙwanƙwasa ta ya kara kunne.

Ya ce, “Kana nufin ruwan a cikinta yake kwana?”

“A ciki yake kwana, Baba. Shi ne amfaninta.”

“Da ɗuminsa, a rufe, ba iska?”

“Haka ne.”

Malam ya ture ta da ƙafa. Ya ce, “Ɗauke. Ni ba na wanka da ruwan da ya kwanta. Ka je fadama ka gani. Tun da ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, duk inda ya tsaya ya yi ɗumi, nan sauro yake, nan katantanwa take, nan mutum zai shiga ya fito yana fitsarin jini. Kifin kirki ba ya zama a wurin. Mahaifina ko ƙishirwa za ta kashe shi ba ya sha sai ya tura jirgi inda ruwa ke tafiya. Ruwa in ya kwanta ya fara mutuwa ke nan.”

Zaharaddeen ya ce, “Baba, wannan ƙarfe ne mai tsabta, ba fadama ba. Zafin da take yi ba abin da zai rayu a ciki.”

“Kai ka taɓa shiga ciki ka gani?”

Tasi'u ya buɗe baki ya ce, “Ai Baba, shi ma tankin da ke bayan ɗaki…” Na taka masa ƙafa, ya haɗiye sauran. Na san abin da zai faɗa gaskiya ne, ruwan tankin ma kwana yake yi. Amma tunda aka kwantar da mutumin nan ba wanda ya tambaye shi ra'ayinsa a kan komai, sai dai a ce sha wannan, juya nan. Yau ga shi a zaune yana yanke hukunci a kan ruwa, idonsa ya dawo irin na da.

Malam ya jawo ƙaramar ya ɗora a cinya. “Ita wannan fa?”

“Ita ba ta riƙe ko ɗigo. Yana shiga yana fita.”

“Yana tafiya ake dafa shi?”

“Yana tafiya, Baba.”

Malam ya jujjuya ta. Ya ce, “Allah mai iko. Ni da na ɗauka sai an kama ruwa an ɗaure shi a tukunya kafin ya yarda ya yi zafi.” Ya ɗaga kai. “Wannan nake so.”

“Baba, na faɗa maka, tana son wuta mai ƙarfi.”

“Na ji. Ita nake so.”

Aikin kafa ta ya ɗauki lokaci. Zaharaddeen ya ce sai an ɗaga tankin sama don ruwan ya sauko da ƙarfi, in ba haka ba hitar ba za ta ma tashi ba. Aka kira Ari mai walda, wani Babarbare da shagonsa ke bakin layinmu, ya haɗa doguwar ƙafa ta ƙarfe aka ɗora tankin, har ana hango shi daga titi. Aka ja wata waya mai kauri ita kaɗai tun daga mita. Aka kafa wani ƙarfe a ƙasa bayan banɗaki aka ɗaura masa waya, wai in lantarki ya kuskure hanya nan zai bi ya shige ƙasa, ba jikin mutum ba. Aka sa shawa daidai saitin bencin Malam, aka sa makunnin famfo ta ɓangaren hagu. Ranar da aka gama ba wuta, don haka ba a gwada ba.

Lokacin sanyi ya shigo sosai. A wannan zangon da hantsi ake kawo mana wuta, a ɗauke bayan azahar. Ranar Juma'a aka kawo. Malam bai jira kowa ba, ya ɗauki sandarsa ya shiga banɗaki ya jawo ƙofa. Ina tsakar gida na ji saukar ruwa, sai na ji wani nishi, sai ƙarar benci. Na banka ƙofar. Yana ƙasa, ƙafar ta ƙage, ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara na zuba a kansa, 'yar jar fitilar tana kamawa tana mutuwa. Na kashe famfo, na lulluɓe shi da zane, na ja shi ɗaki da ƙyar. Ranar ma a gado ya ji huɗuba, fuskarsa a bango.

Zaharaddeen ya zo da wata 'yar na'ura ya soka a soket, ya girgiza kai. Ya nuna mini ƙwan lantarkin ɗakinmu, wanda ke ci ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa.

Ya ce, “Inna, kin ga wannan? Ba laifin hita ba ne, yunwa take ji. Unguwar nan duka taransifoma ɗaya kuke sha, kamar rijiya ɗaya ce guga ya yi yawa. Ga mai walda, ga injin niƙa, ga firizar masu ƙanƙara. Ranar Juma'a kuma ta fi kowace rana, don da an kawo wuta kowane gida sai a jona dutsen guga, kowa na son ya goge rigar masallaci. Abin da ke isowa gidanku saura ne.”

Na ce, “To in gugan ya ragu fa?”

Ya yi dariya. “Wa zai rage? Ki bari in ɗauke ta in kawo babbar. Ita ko da wannan jar wutar za ta lallaɓa ta dafa.”

Tasi'u ma da aka kira shi a waya haka ya ce. Aka shiga aka gaya wa Malam. Bai juyo ba, ya ce, “Na riga na zaɓa. Ku bar ta a nan. In ba rabo, shi ke nan.”

Makon nan ban ga ya ci abin kirki ba. Na koma hura wuta ina yi masa wanka, shi kuma ya koma rufe ido. Maganar rijiya da guga kuwa ta ƙi barin kaina. Abin da ya tsaya mini shi ne, ta yaya zan roƙi mutane ba tare da na faɗi dalili ba? In na faɗa, na tona wa mijina asirin da ya fi son ya mutu da a ji shi.

Ran Alhamis na goge farar rigarsa da dutsen gawayi na ninke. Ran Juma'a Tasi'u ya iso da safe. Ana kawo wuta na zura hijabi na fita, ban gaya wa kowa inda za ni ba.

Mahaifiyata Bafulatana ce, kuma Ari ya sani, don haka ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagin wasa ba. Na same shi a durƙushe yana walda wata ƙofa, tartsatsi na tashi.

Na ce, “Babarbare, an tashi lafiya?”

Ya ɗaga baƙin gilashinsa. “Bafulatana, yau kuma wace saniyar ce ta ɓata?”

“Kashe mini wannan abin naka. Daga yanzu har a yi kiran farko.”

“Ke kike ciyar da ni?”

“Ni ce uwargijiyarka. Bawa ba ya tambayar dalili.”

Ya buɗe baki zai rama, sai ya dubi fuskata ya fasa. Ya juya ya kalli tankin da ya ɗaga da hannunsa, ga shi can yana leƙowa ta saman katangarmu. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ajiye abin waldar, ya miƙa hannu ya kashe injin.

Ya ce, “An gama, ranki ya daɗe. Mai niƙa fa?”

“Ba ni da wasa da shi.”

“Ni ina da shi.” Ya goge hannu a wando ya nufi can.

Daga nan na shiga gidan Ladi, ranar tana hutu. Ita ba abin da zan ɓoye mata, ta san komai. Kafin in gama magana ta zare wayar firjinta, ta ɗaura ɗankwali.

Ta ce, “Mama, koma gida. Ki bar mini matan.”

“Me za ki ce musu, Ladi?”

“Zan ce maganar asibiti ce. Wa ke tambayar nas dalili?”

Na dawo na shiga ɗaki na zauna a bakin gado ina kallon ƙwan lantarki. Malam yana tsakar gida a rana, Tasi'u na yanke masa farce. Ƙwan yana nan ja. Sai na ji ƙarar injin niƙa, wadda ta zame mana kamar numfashi, ta yi ƙasa ta tsaya. Ƙwan ya ɗan motsa. Can gidan masu ƙanƙara gurnanin firizarsu ya ɗauke. Wata rediyo da ke ta surutu a bayan katanga ta yi shiru. Ina jin Ladi tana sallama a wani gida, can kuma a wani. Duk sallama ɗaya sai in ga ƙwan ya ƙara buɗe ido. Ja ya koma ruwan goro, ruwan goro ya koma ruwan ƙwai, har ya zama fari fes, farin da ban taɓa ganinsa da shi ba tunda aka ja mana wuta. Na ga yanar gizo a kusurwar da na share jiya.

Unguwa ta yi tsit da rana tsaka. Cikin shirun nan na ji kukan kirinjijiya, garke guda suna wucewa ta sama za su fadama. Kullum suna wucewa ashe, mu ne ba ma ji. Gidaje nawa ne, ban sani ba, ban kuma je ko ɗaya ba in ban da biyu. Ba wanda ya aiko ya tambaya.

Na shiga banɗaki na murɗa famfo. Jar fitilar ta kama ta tsaya cak. Na tara hannu. Ya zo da sanyi, sai ya juya, sai tururi ya fara tashi.

Na fito na ce, “Malam, zo ka taɓa.”

Ya ce, “Bar ni, Bara'atu.”

“Taɓawa kawai.”

Ya miƙe da sanda ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙa hannun hagu cikin ruwan. Ya juya tafin, ya juya bayan hannun, ya tara ya kai baki ya ɗanɗana yadda yake yi a kogi.

Ya ce, “Yana gudu, kuma da zafinsa. Tsarki ya tabbata ga Allah.” Ya jingine sandar. “Fita.”

Na fita, ya jawo ƙofa. Na tsaya a jikin bango, Tasi'u ya tsaya a nesa yana kallon ƙasa. Na ji ƙarar benci ya zauna. Na ji ruwa ya sauya sauti, ya daina dukan siminti ya koma dukan jiki. Sabulu ya faɗi, ƙafata ta ɗaga da kanta za ta shiga, na mayar da ita. Na ji yana lalube, ya samu. Tururi na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa yana bin ƙafafuna. Can sai na ji wani abu ƙasa-ƙasa, na kasa kunne. Ɗan gunjin nan ne da yake yi a maƙogwaro in yana tuƙa jirgi shi kaɗai, ba waƙa ba ce, ba zikiri ba. Na toshe bakina da hijabi.

Ya daɗe a ciki. Da ya fito jikinsa na hayaƙi, gemunsa na ɗiga, akwai kumfa a bayan kunnensa na dama da hannun bai kai ba, ya sake komawa ya wanke da kansa. Ya sa riga, ya bar Tasi'u ya ɗaura masa agogo, ya karkata hula yadda yake so. Adaidaita ta zo. Bai waiwayo ba, kamar yadda bai taɓa waiwayowa ba in zai fita kamun kifi.

Ana yin kiran farko na ji rediyon bayan katanga ta dawo, ƙwan ya fara komawa ja.

Bayan an sauko ya shigo da sallama mai ƙarfi. Ya zauna a tabarma ya ce in kawo abinci. Ya cinye tuwon, ya sa aka ƙara miya. Yana wanke hannu ya girgiza kai.

Ya ce, “Bara'atu, unguwar nan ta lalace.”

“Me ya faru, Malam?”

“Tun daga Ari har mai unguwa, kowa rigarsa a yamutse kamar an ƙwato ta daga bakin kura. Ranar Juma'a guda. A sahunmu ni kaɗai na shiga kamar mutum.”

Tasi'u ya tashi da sauri ya fita waje. Ni kuwa na tattara kwanuka na ce, “Sai haƙuri, Malam, zamani ne.”

Ban sake zuwa wurin kowa ba. Juma'ar da ta biyo, da wadda ta bi ta, lokacin na yi sai injin niƙa ya tsaya da kansa, walda ta ɗauke, ƙwan lantarki ya yi fari. Mata suka koma guga tun ran Alhamis, masu dutsen gawayi suna ba da aro. Sauran ranakun ni nake yi masa wanka kamar da, amma ya daina rufe ido, har yakan ce na bar wuri kaza. Bai sake rasa Juma'a ba. Ni ban gaya masa ba, ba kuma wanda ya gaya masa.

Ciwon ya dawo masa ana gab da shiga zafi, ran wata Talata, bai kai la'asar ba. Aka yi masa sutura aka kai shi.

Juma'ar farko bayan rasuwarsa ina zaune a ɗaki cikin takaba, Ladi na gefena ta kawo mini kunu. Aka kawo wuta. Jim kaɗan na ji injin niƙa ya tsaya. Walda ta yi shiru, rediyo ta yi shiru. Ƙwan ya fara haske har ya cika ɗakin.

Na ce, “Ladi, sun manta ne. Je ki ce musu su kunna, ba mai wanka.”

Ta riƙe hannuna, ba ta tashi ba. Ta ce, “Sun sani, Mama.”

Muka zauna a cikin hasken har aka yi kiran farko.